Amalanken Biki

Shekarar Munawwara ashirin da tara a duniya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar da ta haife ta ba. Ba faɗa suka yi ba, ba kuma rashin so ba ne. Ita ce 'yar fari, Inna Ummu Hani kuwa tana cikin matan Kurugun nan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ana yaye yarinyar aka miƙa ta ga Goggo Yelwa, yayar mahaifinta, a cikin garin Karaye, can ta tashi, can ta yi makaranta. In ta zo hutu Kurugu, Inna ba ta haɗa ido da ita, ba ta kuma yi mata magana kai tsaye. Sai dai ta dubi tukunya ta ce, "Yaya, baƙuwar taki ta ci abinci kuwa?" Akwai wata yarinyar maƙwabta da aka raɗa wa Munawwara, ita ma abin ya shafe ta, don har ta yi aure Inna ba ta kiran ta da komai sai "ke mai sunan mutane".

Munawwara takan ce ta saba, kuma rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin shi ne duk sanda ta ji Inna ta ƙwala wa ƙanenta Nasiru kira daga bakin rijiya, sai abin ya sosa mata rai, ta yi kamar tana neman takalminta.

Da ta girma sai ta tafi Kano ta karanta harkar shirya fim, abin da Goggo ta yi shekara guda tana gaya wa mutane cewa aikin gidan talabijin ne, don a bar ta ta huta. A wani taron horo aka nuna musu fina-finan da mata suka shirya a wasu ƙasashen Afirka. Harsunan ba ta jin su, amma ta gane matan. Ga uwa tana rufa wa 'yarta asiri, ga maƙwabciya ta kwance ɗan kunnenta ta bayar, ga ciki ya zo da matsala kowa yana tsoron hukuma. Ta zauna a ɗakin nan hawaye na bin kumatunta, tana cewa a ranta ai mu ma muna da irin waɗannan, ba a dai ɗauka ba ne.

Labarin nata kuwa a gida ta same shi, a gindin murhun Goggo. Wata rana suna tuyar ƙuli-ƙuli ta tambaya me ya sa Inna ta tsaya a 'ya'ya uku, alhali sa'o'inta suna da takwas, tara. Goggo ta daɗe tana juya mai a kasko kafin ta ce, "Rufe ƙofar nan."

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a tsakiyar damina, Inna tana da ciki wata biyar sai faya ta fashe. Kwana uku tana kwance, zazzaɓi ya rufe ta, jikinta ya fara wani irin wari da duk macen da ta taɓa zaman jinya ta san ma'anarsa. Aka kai ta wani ɗan asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikacin ya kara abin awo a cikinta ya ce ɗan yana da sauran rai, don haka shi ba zai taɓa ba, ba zai kuma rubuta takardar a taɓa ba. Doka ta hana cire ciki sai in ran uwar ne ke kan layi, to amma wa zai tsaya ya rantse cewa yau ne ranar? Mutumin ba mugu ba ne, tsoron ɗauri yake ji. Ya ba su ƙwayoyi ya ce su je su jira ikon Allah.

Gidan kuwa na gandu ne, kuma babban wan gidan in ya ji kalmar cire ciki ko ƙofar zaure ba zai bari a taka ba. Sai mata uku suka haɗa kai: Goggo Yelwa da ta zo dubiya, da Adawiyya maƙwabciya, da Lauratu, matar ƙanen miji. Lauratu ta san wata nas a Rogo Sabon Gari, Malama Nuriyya. Suka ce wa maza ana bikin 'yar Malama, kuma mai jiki ta ji sauƙi, canjin iska zai yi mata amfani. Suka yi wa Inna wanka, suka ɗaura mata atamfar lefenta, suka rambaɗa mata kwalli, suka shafe ta da turare don ya danne warin. Su ma kowacce ta ci ado, aka cika kwalla da dubulan aka ɗaure da ɗankwali. Malam Ƙasimu, mahaifin Munawwara, shi ya ɗaura wa shanu karkiya da kansa, don mota ba ta shiga Kurugu a wannan laka. Ya dubi matarsa da ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta, ya dubi yayarsa, bai tambayi bikin wace 'ya ne ba. Ya ja amalanke har bakin titi, Adawiyya tana rangaɗa guɗa duk inda suka wuce mutane, daga nan suka hau motar kasuwa.

Malama Nuriyya tana ganin ta ta jefar da tsintsiyar hannunta. Ta kai ta wurin wani likita, ta tsaya a kansa har sai da ya duba ya sa hannu cewa ran uwar ake ceto. Aka cire ɗan, namiji ne, aka kuma cire mahaifar da ta riga ta lalace. A Kurugu aka ce ta yi ɓari a gidan biki, haka zancen ya zauna har yau.

"A hanya me Inna ta ce?" Munawwara ta tambaya.

Goggo ta kwashe ƙulin da ya fara ƙonewa. "Me za ta ce? Uwarki ce fa."

Shekara biyu Munawwara ta yi tana haɗa fim ɗin, ɗan gajere, minti ashirin da biyar. Ta canza sunaye, ta canza gari, matar ta zama Bahijja. 'Yar matar ta fari ma ta fito sau ɗaya, tana tsaye a ƙofar gidan goggonta a wani gari, ba a ambaci sunanta ba. A kan amalanke kuwa Bahijja ta cije bakin mayafi, ba ta ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Wannan ita ce uwar da Munawwara ta sani, kuma duk wanda ya kalli wurin sai ya yaba shirun.

Sai ga saƙo daga wani bikin fina-finan matan Afirka a ƙasar waje, suna so, amma a tura musu kafin ranar Juma'a. Ranar Talata Munawwara ta hau mota zuwa Rogo, don ta fara neman izinin Malama Nuriyya. Ta same ta ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Tsohuwar ta saurari komai, ta ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa, 'yata. Abin da na yi, da izinin likita na yi, kuma gobe ma in an kawo mini irinta zan tashi da sandata. Amma ba ni ce mai labarin ba. Uwarki ta gani?"

Munawwara ta sunkuyar da kai.

"To kin fara ta inda ba nan ne farko ba. Ki je Kurugu."

A hanyar komawa ta yanke wa kanta hukunci: in Inna ta ce a'a, fim ɗin ba zai je ko'ina ba, shekara biyun nan su tafi. Abin da ya fi damun ta shi ne yadda za ta nemi izinin. Mutumin da ba ya yi maka magana, ta ina za ka tambaye shi ko ya yarda duniya ta ga ranar da ta fi kowacce muni a rayuwarsa? Dole ta biya Karaye ta ɗauki Goggo, wadda ta yi ta sababi tun daga ƙofar gida.

"Ni na jawo wa kaina. Bakina ne ba ya rufuwa in ina tuya. Yanzu da wane ido zan dubi Hani?"

Suka isa Kurugu da hantsin Laraba. Kaka ce, kowane tsakar gida an baza gyaɗa, ƙamshin harawa ya cika gari. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓara, ta rame kaɗan tun rasuwar Malam Ƙasimu, amma bayanta a miƙe yake kamar kullum. Ta tashi ta tari Goggo.

"Maraba da Yaya. Sannunku da hanya. Ya mutanen Karaye?"

"Lafiya lau, Hani. Ya ƙarfin jiki? Ya kaka?"

"Kaka alhamdu lillahi. Ya gajiyar mota?"

Munawwara ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Inna ta dubi wata kaza da ke tsattsagar ɓawon gyaɗa ta ce, "Lafiya." Sannan ta ce wa Goggo, "Yaya, baƙuwar taki ba ta cin abinci ne a Kanon? Dubi wuyanta."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura da nono, ta ajiye a gaban Goggo. Goggo ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska ta tura wa Munawwara, don citta da kanumfari sun yi mata yawa. Kullum haka ake yi. Goggo ba ta son yaji a fura, duk Kurugu an sani, amma duk ranar da aka ce suna tafe sai Inna ta kirɓa furar da yaji kamar na mai jego, yadda Munawwara take so tun tana ƙarama.

Ba a jima ba Adawiyya ta leƙo ta katanga, daga nan ta zagayo da kanta. Ta yi ƙiba, haƙoran gaba biyu sun tafi, bakin dai yana nan yadda yake. "A'a, 'yar fim! An zo a ɗauke mu ne? Ki bari in sa haƙoran roba tukuna."

Goggo ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi zancen farashin taki, ta yi zancen ciwon gwiwa, har Munawwara ta taka mata ƙafa. Sannan ta yi gyaran murya.

"Hani, laifi na yi miki. Zancen bikin Rogo, na gaya wa yarinyar nan. Ita kuma ta je ta mai da shi fim. Ba sunanki, ba sunan gari. Ana nema a ƙasar waje, ta ce ba za ta bayar ba sai kin gani. In kin ce a'a, shi ke nan, an binne."

Hannun Inna bai tsaya ba. Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta ɓare ta biyu. Adawiyya ta yi zaman dirshan a kan turmi. Munawwara ta tsorata ƙwarai, don ba ta taɓa ganin fushin Inna ba, ba ta san kamanninsa ba.

"A ina ake kallon?" in ji Inna.

A ɗakin Inna aka yi. Aka rataya zane a ƙofa, aka toshe taga da tabarma don rana, aka ɗora kwamfutar a kan akwatin ƙarfe. Goggo da Adawiyya suka zauna a gaba. Inna ta shigo da faifan gyaɗarta ta zauna a gefe, ta ba abin rabin baya, kamar wadda ta shigo neman inuwa kawai.

Minti biyar na farko Adawiyya ta dawo hayyacinta. "Wai wannan siririyar ce ni? Da wannan jan bakin? Kai jama'a! Kuma ɗaurin ɗankwalin nan ai ba a fara shi ba a lokacin." Da amalanke ya fito ta tafa hannu. "Shanun nan ba su taɓa jan kaya ba, dubi na hagun yana neman komawa gida. Guɗar ma ta 'yan birni ce, ba ta fito daga ciki ba." Goggo ta yi dariya har da share ido. Amma da aka nuno mai wasan Lauratu ta rungume kan Bahijja a cinyarta tana gyara mata kwallin da zufa ta ɓata, sai dariyar ta ɗauke. Lauratu ta rasu shekara goma ke nan, wurin haihuwa.

"Allah ya jiƙan ki, Laure," Adawiyya ta faɗa a hankali.

Munawwara ba fim ɗin take kallo ba, hannun Inna take kallo. Hannun ya ci gaba da ɓara har wurin da aka ɗora matar a amalanke. Daga nan ya tsaya, da gyaɗa guda a tsakanin yatsu. Amalanke yana tafiya cikin laka, Bahijja ta cije mayafi, ba a jin komai sai ƙarar ƙafa da numfashin shanu. Inna ta juyo gaba ɗaya tana kallo, har aka kai ƙofar nas, har aka gama, sunaye suka fara hawa.

Inna ta ajiye faifan, ta ɗaga zanen ƙofa ta fita. Suka ji ƙarar buta, suka ji ta tayar da azahar a tsakar gida. Sallar ta yi tsawo. Munawwara ta rufe kwamfutar, ta riga ta gama sallamawa a ranta. Ba fim ɗin ne ya fi yi mata ciwo ba a lokacin, tunanin cewa ta tone wa uwarta ciwon da ya warke ne, don kawai baƙi su tafa mata.

Da Inna ta dawo, ta zauna a bakin gado, ta dubi Goggo.

"Yaya, ki gaya mata ta yi ƙoƙari. Laure ta fito kamar ita. Amma akwai ƙarya a ciki."

Munawwara ta ɗago. "Goggo, a ina?"

"A amalanke. Matar nan da ta yi shiru, ba ni ba ce. Yaya, ke kika gaya mata na yi shiru?"

Goggo ta fara wasa da bakin mayafinta. "Hani, asirinki na rufa."

"Kin gaya mata an cire mini ɗa, kin gaya mata ina wari, sai wannan ne asiri?"

Adawiyya ta saki dariya da hawaye tare. "Wallahi ni ma na yi mamaki. Na ce yaushe Hani ta yi shiru? Ai guɗar da nake yi ba ta ado ba ce, muryarta nake dannewa."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannuwa a gwiwa, tana magana da bango, muryarta a daidai.

"Ni ban so tafiyar ba. Ina jin motsinsa, Yaya, har a kan amalanken yana motsi. Na ce a mayar da ni gida, in mutuwa ce mu tafi tare. Sai Laure ta sunkuyo ta ce mini, shi wannan ba zai rayu ba ko kin mutu ko kin tashi, amma waccan ta Karaye fa? Shekararta bakwai, ko sau ɗaya ba ki taɓa rungumar ta a gaban mutane ba. Za ki tafi ba ta san kina son ta ba?" Ta gyara zama. "Daga nan ban san sanda bakina ya buɗe ba. Sunanta na kama kira. A gabanki, a gaban ubanta, ban ji kunyar kowa ba. Duk ramin da amalanke ya faɗa sai na kira. Da shi na riƙe raina har Rogo."

"Har direban motar kasuwa ya juyo," in ji Adawiyya, tana jan hanci, "ya ce wace ce wannan da ake ta kira, ko an bar ta a baya ne a koma a ɗauko ta? Na ce masa amaryar ce."

Munawwara ta kasa ɗaga kai. Hawaye suna ɗiga a kan murfin kwamfutar tana gogewa da gefen hannu. Tana 'yar shekara bakwai a Karaye, wataƙila tana wasan 'yar carafke a ƙofar gida, ashe a daidai lokacin ana ta kiran sunanta a kan hanyar Rogo. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu suka cika mata ƙirji, ta rasa wanda za ta fara ji.

"Ki ce mata ta gyara," in ji Inna. "In an gyara ta kai duk inda za ta kai."

Munawwara ta share ido. "Goggo, ki ce wa Inna ba za a iya sake ɗauka ba kafin jibi. Mai wasan tana Kano, damina ma ta wuce. Sai dai murya. Akwai wuraren da aka nuno ƙafar amalanke da bayan shanu, ba a ga fuskar matar ba, ana iya ɗora murya a kai. Zan sa wata ta kira wani suna."

"Wane suna?" in ji Goggo.

"Kowanne. Ko Bahijja ƙarama, ko wani."

Inna ta girgiza kai. "Wata ƙaryar ke nan. Kuma 'yar birni ba ta san yadda ake kiran ba."

Goggo ce ta fara gane inda zancen ya dosa, ta dafe ƙirji. "Hani, kin san me kike faɗa? In aka ji muryarki da sunan yarinyar nan, duk wanda ya kalla a waya a garin nan ya san ke ce. Za a ce ba ɓari kika yi ba."

"Ai ba ɓarin na yi ba." Inna ta ɗauki gyaɗar nan guda ta ɓare ta. "Malam ya tafi, babban wansa ya tafi. Laure ta tafi ban taɓa gode mata a gaban mutane ba, don kada a tambaye ni godiyar mece ce. Ɗana kuma shekara ashirin da biyu ina yi masa addu'a a ɓoye kamar na sato shi. Masu magana su yi. Wata tana nan kwance yanzu haka an ce mata ta jira, gara maƙwabtanta su san ana ɗaura wa shanu karkiya."

Munawwara ta buɗe jaka. Ta fito da ɗan makirfo, ƙarami kamar ƙwallon dabino, ta miƙa wa Goggo, Goggo ta maƙala a wuyan rigar Inna. Ta yi wa Goggo bayani, ita kuma ta maimaita, ko da yake tsakanin uwa da 'ya bai fi taku biyu ba: a yi shiru a ɗakin, a kira kamar sau biyar ko shida, da ɗan tsayawa a tsakani.

"To ku fita," in ji Inna. "Dukanku."

Suka fito rana. Adawiyya ta kora kaji bayan gida, ta kama akuyar da ke ɗaure ta kai ta zaure. Munawwara ta tsaya a inuwar rumbu da na'urar ɗaukar sauti a hannu, ta sa iyafis, abin sauraron sauti, a kunne, don aikin ba ya yiwuwa sai mai ɗauka yana jin abin da ke shiga. Sai da ta sa sannan ta tuna ba ta gaya wa Inna haka ba. Ta kai hannu za ta cire, Goggo ta riƙe hannun.

Da farko numfashi kawai take ji, da ƙarar gadon ƙarfe. Aka yi bisimilla can ƙasa-ƙasa. Aka daɗe.

"Munawwara."

A hankali ya fito, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ba yadda 'yan Kano suke faɗa ba, ba yadda Goggo take faɗa ba. Inna ta ja tsakiyar sunan, ta sauke ƙarshensa da taushi.

"Munawwara. Munawwara, 'yata."

Munawwara ta zauna a kan buhun gyaɗa. Muryar ta ƙara ƙarfi, ta fara rawa, ta koma muryar mace mai ƙuruciya da ke kwance a amalanke cikin atamfar lefe. Sau shida aka ce, amma Inna ta wuce goma. Munawwara tana kallon allurar na'urar tana hawa tana sauka, ba ta ganin ta sosai. Bakinta ya motsa da kansa, ta amsa a hankali, "Na'am, Inna."

Can zanen ƙofa ya ɗaga. Inna ta fito, idanunta sun yi ja, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tsaya tana duban rumbu, saman kan 'yarta kaɗan.

"Yaya, ki tambaye ta, tun da abin yana kunnenta. Ya fita sosai, ko in sake?"

Ashe ta sani. Munawwara ta dubi na'urar. Sautin ya fita tas, babu iska, babu kaza, duk shekarun da ta yi tana aikin nan ba ta taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Ta goge fuska da mayafi.

"Goggo, ki ce mata akuya ta yi kuka a ciki. Sai an sake."

Adawiyya ta buɗe baki za ta ce akuyar tana zaure ko tari ba ta yi ba, Goggo ta zungure ta da gwiwar hannu. Inna ta dubi ƙofar zauren, ta dubi Goggo. Sannan, a karo na farko, ta sauke ido ta dubi Munawwara, ta daɗe tana kallon ta.

"Akuyar nan ba ta da hankali," ta ce.

Ta juya ta koma ɗaki, ta saki zanen ƙofa. Munawwara ta gyara zaman iyafis a kunnenta, ta danna maɓallin ɗauka.